Maɓallin Kawu

Bayan na gama karatun kwamfuta na dawo gida Ikara, ƙungiyar manoman rake da tumatir ta nemi in gina mata shafi a intanet. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugabanta. Mutumin Gazara ne, rake yake nomawa yana dafa mazarƙwaila.

Na raba shafin gida uku: Ikara, Makarfi da Kudan. A kowane ɓangare ana iya saka sanarwa, ko shawarar noma, ko hoto, ko a buɗe sabon sashe. Saboda ɗoki, duk wanda na yi wa rajista sai na bar shi da ikon ƙirƙirar abin da ya ga dama, a inda ya ga dama.

Kawu ne ya fara gano koren maɓallin da aka rubuta wa "Sabo". Kafin damina ta yi nisa ya buɗe sashe don ragonsa, a cikinsa ya buɗe wani don jikokinsa, a cikin wannan kuma ya zuba hotunan mazarƙwaila. Duk a ɓangaren Kudan ya yi su, don shi ne na farko da yatsansa ke sauka a kai. Wata safiya sakataren Kudan ya kira ni yana dariya har yana tari. Ya ce wani manomi ya shiga neman maganin tsutsar tumatir, sai ya tarar da rago yana kallonsa.

Na zauna na gyara. Kowane sakatare na taƙaita shi ga garinsu. Shawarar noma sai malamin gona. Buɗe sabon sashe kuwa na hana kowa.

Ranar kasuwa sai ga Kawu a kan acaɓa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sha ruwa, sannan ya zaro wayarsa daga aljihu.

"'Yar nan, maɓallina ya ɓata."

"Bai ɓata ba, Kawu. Ni na cire shi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shugaban ƙungiya kika cire wa?"

Na yi masa bayanin manomin da ragon. Ya yi dariya, amma bai sauko ba. Ya ce in duba, wa ke kallon hotunan nan? Na duba, sai na ga sun fi duk shawarwarin noma samun baƙi. 'Yan garinmu ne da ke ci-rani a Legas da Fatakwal. Ɗaya ya rubuta a ƙasan hoton gonar rake cewa ya hango bishiyar mangwaron gidansu.

"Ka ga, Kawu," na ce, "abin da kake sakawa yana da kyau, wurin ne ba nasa ba."

"To ki yi masa wuri."

A ranar na ƙirƙiri sabon nau'in rubutu mai suna "Labarin gida", na ware masa sashensa, na haɗa masa izini na musamman. Mai wannan izinin ne kawai zai iya saka labari, kuma a nan kaɗai. Na ba Kawu shi. Da koren maɓallin ya dawo wayarsa, sai ya danna, ya ɗauki hotona ina zaune gaban kwamfuta, ya saka.

Mutumin da ya fi kowa watsa kaya, shi ya zama mai tsanani. In aka kawo masa hoto ya ga ya yi duhu, ya ƙi. Sanarwar biki in babu gaisuwa a farkonta, ya mayar wa mai ita. Mutane suka riƙa binsa har wurin dafa mazarƙwaila da wayoyinsu a hannu.

Da na haifi ɗiyata ta fari, na so in saka sanarwar suna daga kan gado. Da asusuna na 'yar ƙungiya na shiga, shafin ya ce ba ni da izini. Ina iya shiga ta asusun mai kula da shafi in buɗe wa kaina, amma sai na kira Kawu.

"Turo hoton in gani," in ji Kawu.

Na tura. Ya ce jaririyar ta yi kyau, amma hoton ya karkace, in sa mijina ya sake ɗauka kusa da taga.