Ƙwallon da Ta Kwana Biyu a Sama

Wata Laraba bayan La'asar, a shekarar da na cika tara, ina zaune a ɗakin Kaka a unguwar Mansur ta Makka da farantin gyaɗa a cinyata. A talabijin, wani yaro mai gashi tsaye kamar tsintsiya ya buga ƙwallo tun ranar Litinin, kuma har lokacin ba ta isa raga ba. Haka katun ɗin Japanawan nan yake: a buga ƙwallo, sai a tafi tuno ƙuruciyar mai tsaron gida, kafin a dawo lokaci ya ƙare.

Talabijin ɗaya ce a gidanmu, kuma a ɗakin Kaka take. Ita ta zo Makka daga Kano ta hanyar Sudan tun tana amarya. Larabcin kasuwa tana jin sa sarai, amma irin na littafi da aka sa a bakin 'yan katun ya fi ƙarfinta. Sai ta kafa doka: in kalla ina ɓare mata gyaɗar da take soyawa ta sayar, amma sai na fassara mata komai da Hausa. In na yi shiru, ta kashe. Ni kuwa Hausata a lokacin ba ta wuce "na ƙoshi" da "ba ni ba ce" ba. Ranar da aka nuna ƙaton mutum-mutumi mai harba hannunsa, na ce mata ƙarfe ne ya yi fushi. Ta yi dariya har da hawaye, ta gyara mini, washegari ta sake tambaya.

To, ranar Larabar nan ƙwallo ta doshi raga, na shagala, na miƙe ina ihu da Larabci. Ban ankara ba sai ga yatsan Kaka a kan maɓallin kashewa. "Halas, shi ke nan, tunda bakinki ya koma Hijaz," in ji ta. Kwana biyu ina jiran wannan ƙwallo! Hausar da ban san ina da ita ba ta ɓalle mini: hannun mai tsaron gida ya karye, ya ɓoye wa kowa, ga ƙwallo tafe. Kaka ta janye yatsa, ta dafe ƙirji. "Wayyo ɗan mutane! Ina uwarsa?" Da mai tsaron gidan ya cafke ƙwallon, ita ta fara rangaɗa guɗa, gyaɗa ta watse har ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau 'ya'yana kowa da wayarsa, kunne a toshe, suna kallon irin katun ɗin ba mai tambayarsu me aka ce. Kaka ta rasu da daɗewa, kuma ina kewarta ƙwarai. Hausar da nake rubutu da ita yanzu, a ƙarƙashin yatsan nan nata na koye ta.