Tarhon Ɗakin Kaka

Da na gama makarantar Faransanci, Kawu ya ɗauke ni a ofishinsa na fiton kaya, wani ɗaki a bakin gidanmu na Zongo, hoton shugaban ƙasa a bango kamar kowane shago. Ya sayo kwamfuta da wani ɗan akwati mai tura rubutu ta layin tarho zuwa wakilinsa a Turai. Sharaɗinsa ɗaya ne: in na'urar ta gagare ni, ɗan abokinsa na unguwar Cacavéli na jiran kujerar.

Gajeren saƙo yakan wuce sumul. Amma jerin kayan jirgi, mai cin minti goma, sai ya kai tsakiya ya mutu. Na sauya waya, na zargi damina, na zargi gishirin iskar teku. Ni da ba na haƙuri da ƙuda, har akwatin na daka wa duka.

"Kai ɗan boko," in ji Kawu, "Juma'a zan ga takardun nan sun isa, ko in ga makullina."

Ranar Laraba da hantsi na tayar da saƙon, na fita tsakar gida don kada in fasa wani abu. Sai na ji tarhon ɗakin Kaka ya ɗan yi ƙara, ashe haka yake yi duk sanda na'urata ta buga lamba, don layinmu ɗaya ne. Kaka ta ajiye tsintar shinkafa, ta lalubi sanda, ta miƙe da ƙyar. Na bi ta a baya. Kafin ta kai, an yi minti huɗu. Ta ɗaga, ta ce, "Salamu alaikum. Auta, kai ne?"

Autan nata ya tafi Abidjan shekara bakwai, bai taɓa kira ba.

"Kaka, me kike ji a ciki?"

"Kuka kawai, Maigida. Layin nasu ne ba kyau. Yana ta ƙoƙari, yaron kirki."

Ƙananan saƙonni suna riga ta isa, manya kuwa ita ke riga su, tana ɗaga tarhon sai saƙon ya katse. Zare wayar ɗakinta bai fi aikin daƙiƙa ba. Na tsaya ina kallon soket ɗin, na kasa. Ina son tsohuwar nan fiye da yadda na taɓa faɗa mata.

Na koma na yanka jerin gunduwa-gunduwa, kowanne ƙasa da tafiyar Kaka, ina bari sai ta koma ta zauna kafin in tura na gaba. Ranar Alhamis ya isa duka. Kawu ya tambayi abin da ya lalace, na ce layi ne, ya ce dama ya faɗa.

Shekara biyu ina yanka. Bayan sadakar bakwai ɗin Kaka na manta, na tura jerin a dunƙule. Ya tafi har ƙarshe, babu wanda ya katse shi. Na kifa kai a tebur na yi kuka.