Nonon Sale

Shekarar da aka rushe ganuwar Jidda, wata biyu bayan gobarar da ta cinye bukkokin layinmu a Nuzla, aka zo neman Inna. Ina wasan 'yar carafke a ƙofar gida, ƙanena Sale yana bayana, ko zama bai fara ba. Wani Baturen Sikotlan ne mai aiki a kamfanin jiragen ruwa, matarsa ta haihu, zazzaɓi ya ƙafar mata da nono. Babanmu ɗan dako ne a mina, tashar jiragen ruwa, a ƙarƙashinsa yake ci, ina bakin cewa a'a?

Sharaɗin matar ɗaya ne: kada Inna ta zo da ɗanta, wai nonon ba zai ishi biyu ba. Kullum da hantsi sai Inna ta tafi gidansu a Balad, cikin gari, ni kuwa in goya Sale in bi layin ruwa da garwa a kai, in dawo in jiƙa dabino in ɗiga masa a baki. Kafin Inna ta dawo da yamma, jaririn can, da muke kira Jatau, ya tsotse ta tas. Jatau yana ƙiba, Sale yana zama kamar tsinke. A bayana ya cika, ranar wani zafi, ina ta jijjiga shi ina masa waƙa ban sani ba, sai da wata maƙwabciya ta ce in kwance zanen.

Washegari Inna ta koma Balad. "Jatau ya sha rabon Sale," in ji ta, "to ɗana ne, ƙaninki ne har gaban Allah." Ko da suka tafi ƙasarsu, ba ta fasa sa shi a addu'a ba.

Bara jikana ya miƙo mini waya yana dariya. "Jadda," haka yake kirana, wato kaka, "ga ƙaninki." Sunan gidan su Jatau ne ya karanto mini, ba na mantawa. Tsoho ne fari fat, wai ya yi ɗan majalisa a jam'iyyar 'yan mazan jiya, ya yi minista. Yana buga tebur, yana cewa a mayar da kwale-kwalen baƙaƙen fata inda suka fito, ƙasarsu ba za ta ishi kowa ba.

"In zage shi?" in ji yaron.

"Bar shi. Kakanka ne."

Inna ta rasu, Baba ya rasu, maƙwabciyar nan ma haka. Cikin waɗanda suka sha nonon nan, saura ni da Jatau. Ni ce kawai na san sunan Sale.