Ajiyar Wutar Ummu Wisam

Sunanta Sabiha, amma tun da ta haifi ɗanta ɗaya tilo ba a ƙara kiranta da shi a layinmu ba. Ummu Wisam ake cewa, wato uwar Wisam. A Abul Khasib aka haife ta, cikin gonakin dabino, ta shida a 'ya'yan wani manomi da bai mallaki ko ɗaya daga bishiyoyin da yake hawa ba. Ba a sa ta makaranta ba. Tana da shekara goma sha tara aka kawo ta cikin Basra, gidan wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Mijin ya rasu Wisam yana aji uku na firamare, ita kuma ta riƙe gidan da zumar dabino da kwalaben turshi, kayan lambu da aka jiƙa a ruwan tsami, da take jerawa a taga, masu wucewa suna saya.

Abin da kowa ya san ta da shi shi ne ajiya. A shekarun takunkumi, lokacin da sukari da shayi da man girki sai ta hanyar rabon gwamnati, takan cire cokali ɗaya daga sukarin kowace rana ta zuba a wani gwangwani, kafin azumi ya zo gwangwanin ya cika har maƙwabta su samu. Haka take yi da kananzir, haka da ashana, haka da ruwan sha da ake saya a jarka. Duk abin da aka ba ta da awo, ta san yadda za ta rage yau don gobe ta samu, kuma wannan dabara ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Wutar lantarki kaɗai ce ba ta taɓa sa wa hannu ba, domin aikin Wisam ce. Shi ya je wajen Jabbar, mai babban janaretan da ke bakin layi, ya karɓar wa gidan wuta ta amfiya biyar. Shi ya ja waya, ya sa ƙaramin jan ƙwan lantarki a saman ƙofar falo. Doka ɗaya ya ba ta: in jan ƙwan yana ci, wutar Jabbar ce, kada a taɓa na'urar sanyaya ɗaki, sai wutar gwamnati ta dawo. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi a watan Yuli, yana da shekara talatin da uku, bai yi aure ba.

Ranar arba'in mata suka taru a falonta za a yi masa saukar Alƙur'ani. Aka buɗe akwatin juzu'i talatin, waɗanda suka iya karatu kowacce ta ɗauka. Ba a yi nisa ba wutar gwamnati ta ɗauke, jan ƙwai ya kama, na'ura ta yi shiru. Rana ce ta gumi, irin wadda iskar teku take tsayawa cak a kan garin. Wata tsohuwa ta sume, aka fita da ita, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya suna cewa za su ƙarasa a gida. Juzu'i goma sha ɗaya ba a buɗe su a gabanta ba. Ko an ƙarasa, ko an manta, ba ta sani ba. Ba ta iya karatu ba balle ta cike da kanta, kuma nauyin tambaya take ji. Shekara guda wannan goma sha ɗayan suna zaune mata a ƙirji. Wisam ba shi da wanda zai yi masa wannan in ba ita ba, saboda haka ta ƙudurta cewa ranar cika shekara sai an sauke a cikin gidansa, tana kallo, har juzu'i na ƙarshe.

Saura kwana goma ta je wajen Jabbar ta tambaye shi nawa na'urar take ci. Yana goge hannu da tsumma ya ce tara, wajen tashi ma takan wuce haka. Ta yi godiya ta juya. A hanya ta lissafa da yatsu. Biyar gare ta. In ta bar biyar ɗin nan kullum ba ta taɓa ba, a kwana tara ta tara arba'in da biyar. Ko na'urar mai haɗama ce, ai za ta ƙoshi na yamma ɗaya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da jan ƙwai ya kama sai ta tashi ta zare firiji, ta kashe fanka, ta zauna a ƙasan siminti da maficin kaba. Jan ƙwan ne kawai yake damunta, don ba ta san yadda ake kashe shi ba, tana ganinsa kamar ɓera a bakin buhu.

Ana gobe taro maƙwabciyarta Nahida ta leƙo da farantin kileca, biskit ɗin gida mai dabino a ciki. Malama Nahida ta yi shekara talatin tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma har yau da muryar aji take magana. Ta tarar da ɗakin kamar tanderu, aka ba ta ruwa ta ji shi da ɗumi, ta tambaya ko wayar gidan ce ta tsinke. Ummu Wisam ta yi ƙasa da murya ta gaya mata sirrin, tana ɗan murmushi.

Nahida ta ajiye kofin.

"Kwana nawa kina wannan?"

"Yau takwas."

"Ummu Wisam, Allah ya shirye ki. Da kin mutu a nan, me za mu ce ya kashe ki, tanadi?"

Sai ta shiga bayani. Ta ce amfiya ba mudu ba ce da za a cika a rufe. Awo ne na yawan wutar da take wucewa a lokaci guda, kamar ƙofar gidan burodi da ba ta ɗaukar fiye da mutum biyar a jere. In ba wanda ya shiga da safe, ƙofar ba ta ƙara faɗi da yamma. Ta ce akwai kuma bolt, shi ne ƙarfin da yake tura wutar, ɗari biyu da ashirin ne a gidan kowa, da mai biyar da mai ashirin. Ta ɗauko igiyar fanka ta nuna mata ƙarafa biyu na bakinta, ta ce wuta ta ɗaya take shiga ta fita ta ɗayar, ta koma inda ta fito, kuma in aka yanke hanyar a ko'ina komai sai ya tsaya.

Wannan na ƙarshen shi ya tsaya wa Ummu Wisam. Ta ce to in komawa take yi, ashe Jabbar karɓe abinsa yake yi bayan ya bayar. Nahida ta ce ba haka ba ne, abin da ya yi aiki a fanka ya riga ya yi. Ummu Wisam ta ce to wadda ba ta yi aiki ba fa, ta kwana takwas, tana ina? Nahida ta ce ba ta ko'ina, ba a ma samar da ita ba. Ummu Wisam ta ce ita dai ta ga jan ƙwai yana ci kullum. Cikin ƙosawa Nahida ta ce da batir gare ta da wani abu ne, shi yana riƙe wuta.

"To, Malama, ashe ana ajiyewa."

"A batir na ce."

"Ke kika ce ba a ajiyewa, yanzu kin ce ana ajiyewa."

Nahida ta ɗauki mayafinta ta ce a kawo taron gidanta, ita goma gare ta. Ummu Wisam ta gode, ta ce a gidansa za a yi. Bayan fitarta ta daɗe tana jujjuya maganar ƙofar gidan burodi. Ta san gidan burodin, ta kuma san in mutum ya bar burodinsa na safe, mai gidan yakan ajiye masa. Ta yanke cewa masu ilimi wani lokaci sukan rikita abu mai sauƙi. Ba ta gwada na'urar ba, don kada ta taɓa ajiya.

Ranar Alhamis ƙarfe uku mata suka fara shigowa, jan ƙwai yana ci. Mulla Zakiyya, tsohuwar da take jagorantar karatu a unguwa, ta zauna a kan matashi aka ajiye akwatin a gabanta. Ummu Wisam ta yi bisimilla ta danna na'ura. Na'urar ta yi gurnani kamar za ta tashi, sai komai ya mutu, har jan ƙwan.

Ta ja abayarta ta fita cikin ranar. A rumfar Jabbar akwai allo mai jerin ƙananan makunnai, joza muke ce musu, kowanne da sunan gida, wanda ya ja fiye da rabonsa nasa sai ya faɗi. Nata yana ƙasa. Jabbar ya ɗaga shi da yatsa ɗaya yana tsokanarta, wai kwana tara allurar mitarta ba ta motsa ba har ya zaci ta tafi ziyara, yau kuma ta zo za ta kayar masa da inji. Ta ce ba wasa ya kawo ta ba, ajiyarta take so ya sakar mata, arba'in da biyar. Ya fara dariya, sai ya ga fuskarta, ya tuna kwanan wata, ya daina.

"Inna, wallahi babu wani wuri a nan da nake zuba ta. Duba da idonki, inji ne da waya."

Ta duba. Injin yana ta ƙara, yana fitar da hayaƙi, ba ta ga tanki ba sai na man dizil. Ta ce to ya ƙara mata na yau kawai. Ya ce ko injin bai cika ba, wayar da marigayi ya ja siririya ce, ta biyar ce, in aka tura mata goma a wannan zafin za ta yi laushi ta kama da wuta, ga mata cike da gida. Ya roƙe ta kada ta sake danna na'urar.

Ta dawo tana tafiya a hankali. A falo mata goma sha takwas suna fifita da mayafansu, biyu sun riga sun fara duban ƙofa. Ta tsaya a bakin ɗakin.

Nahida ce ta yage murfin wani kwalin kileca ta yi rubutu a bayansa. Ta ce fankar tsaye ɗaya ba ta cin ko rabin amfiya, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. In aka bar firiji a zare, biyar za ta ɗauki goma sha biyu har da rara. Ta shiga kiran sunaye kamar tana aji, wadda gidanta yake kusa ta je ta ɗauko tata. Cikin minti ashirin fankoki suka jeru jikin bango, wata sabuwa, wata an ɗaure wuyanta da zare. Aka sayo ƙanƙara aka fasa a baho don ruwan sha. Nahida ta kunna su ɗaya bayan ɗaya, a duk dannawa Ummu Wisam tana ɗaga ido ga jan ƙwai. Bai mutu ba.

Abin ya ƙara ɗaure mata kai. Na'ura ɗaya ta gagara, goma sha biyu kuma sun tashi lafiya. Ta matso kusa da Nahida ta raɗa mata cewa to ga shi, da babu ajiyar ai da ba su tashi ba. Nahida ta buɗe baki, ta dubi akwatin da Mulla Zakiyya take buɗewa, ta ce mata ta je ta zauna.

Ba ta zauna ba. Ta tsaya gadi kusa da bango. Wata budurwa ta zo za ta sa cajin waya, ta riƙe mata hannu ta ce yau ba a ɗiban ko ɗigo, duk da Nahida ta ce daga nesa wannan ba ya cin komai. Ɗakin bai yi sanyi ba, iska mai zafi ce take zagayawa, tana ɗaga shafuka, mata suna danne su da tafin hannu. Amma ana iya numfashi. Karatu ya tashi ƙasa-ƙasa daga kowace kusurwa.

Duk wadda ta gama sai ta sumbaci juzu'in ta miƙa, Ummu Wisam ta karɓa da hannu biyu ta sa a akwati. Ba ta san wanne ne wanne ba, amma ta iya ƙirga. Wajen ƙarfe biyar mata huɗu suka nemi gafara suka tafi, akwatin yana da ashirin da uku. Mulla Zakiyya ta raba sauran. Biyu suka rage ba mai ɗauka, Nahida ta ciro tabarau daga jaka ta ce a ba ta, amma kada wanda ya gaggauta ta, ta daɗe ba ta yi ba. Ita ce ta ƙarshe da ta gama, rigarta ta jiƙe har baya.

Ummu Wisam ta bi bayan littattafan da yatsa, ta ƙirga sau biyu. Talatin. Ta rufe akwatin, sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Mulla Zakiyya ta ɗaga hannu ta fara addu'a, ta roƙi Allah ya kai ladan abin da aka karanta ga Wisam ɗan Sabiha, mata suka ce amin.