Kwamfutar da Na Rufe a Kabad

Ranar da maigidana zai tafi Tamale duba mahaifiyarsa da ta kwanta ciwo, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa. Bai ce in kula da kaina ba. Kwamfutar ya nuna da baki, ya ce, "Ki riƙe min ita kamar yadda kike riƙe yarinyar nan." Na ce to. Haka ɗin na yi kuwa, kuma shi ne ya kusa kashe ta.

A unguwar Maamobi muke, ɗaki ɗaya da baranda. Barandar ya kewaye da katako, ya sa benci da allo, samarin layinmu suna zuwa buga wasan ƙwallo da tseren mota na kwamfuta. Da wannan muke ci. Ita kanta kwamfutar a cikin ɗaki take, a ƙasa, ƙarƙashin taga, wayoyinta sun bi ta tagar zuwa allon, don kada wani ya ɗauke ta.

Kafin wannan, aikin tsofaffin ƙarafa yake yi a unguwar Old Fadama, inda ake ƙona wayoyi a cire ƙarfen ciki. Yana dawowa da warin roba ƙonanniya a jikinsa, da wani tari da ba ya barin sa ya gama fatiha a numfashi ɗaya. A can ya fara tsintar kayan kwamfuta, yana kawowa ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa a ƙarƙashin gado. Abu na ƙarshe, wanda ya fi daɗewa yana nema, shi ne katin girafik. Ranar da ya samo shi, a cikin rigarsa ya naɗo shi. Ya shimfiɗa a kan gado ya kira ni in gani: wani falle ne mai tsawon tafin hannuna biyu, da ƙananan fanka biyu a jikinsa. Ya ce shi ne yake zana duk hoton da ake gani yana motsi a allo, in babu shi babu wasa. Sati biyu bayan haka ya bar Old Fadama. Tarin bai tafi duka ba, amma ya yi sauƙi.

To ni tun ina ƙarama na san abu ɗaya game da ɗakin mace: ba a barin kaya tsirara. Ranar da aka kawo ni, gwaggonnina sun rufe komai da ƙyallen saƙa mai fure, talabijin, firji, rediyo, har kan kabad. Uwata takan ce daga ƙofa ake gane matar da ta san darajar kayanta. Saboda haka kullum in na yi shara sai in yafa wa kwamfutar nata ƙyallen. Kullum in ya shigo sai ya cire, ya ce, "Bar ta haka." Bai taɓa gaya min dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka halin maza ne.

Kwana biyu da tafiyarsa, ina wanke-wanke a tsakar gida, na ji ɗakin ya yi shiru. Duk uwa ta san irin wannan shirun. Na shiga da kumfa a hannu, na tarar da ’yata, wadda a lokacin ta fara tafiya, a durƙushe a bayan kwamfutar, tana ƙoƙarin tura yatsa ta ramin da fanka take juyawa. Na fizge ta da ƙarfi har ta fashe da kuka, ni ma na zauna a ƙasa. Na ƙirga yatsunta sau uku.

A ranar na kwashe kwanonin aurena daga ƙasan kabad, na tura kwamfutar ciki. Dama akwai wani rami da ɓera ya yi a bayan kabad ɗin, ta nan na zaro wayoyin. Na yafa mata ƙyallenta, na ƙara da wani zani don kada ƙura ta same ta, na rufe ƙofa, na ɗaure hannun ƙofar da igiya. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau na tsare yarinya, na tsare kaya.

Washegari ta fara wani ƙugi a cikin kabad kamar injin niƙa daga nesa. Na ce ai aiki take yi. Rana ta biyu samarin suka fara ƙorafi.

"Anti, ’yan ƙwallon nan yau azumi suke yi ne? Duba yadda suke jan ƙafa!"

Rana ta uku sai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo kore suka bazu a allon, layuka suka tsattsaga filin, sannan komai ya yi baƙi. Wani dogo a cikinsu, mai aikin walda, ya ajiye abin dannawar ya girgiza kai.

"Chale, ’yan uwa, katin ya tafi. Na taɓa gani. Anti, sai dai haƙuri."

Suka watse suka bar ni da benci. Na buɗe kabad na taɓa ta, zafi kamar dutsen guga. Amma kaina bai kawo cewa zafin ne ciwon ba. Na ɗauka alama ce kawai, kamar zazzaɓin yaro. Na zargi wutar da ake ɗaukewa ana kawowa. Na bar ta ta huce, na mayar da ita, na sake lulluɓe ta da kyau. Da safe ta tashi lafiya, ta yi ɗan lokaci, ta sake mutuwa. Haka muka yi kwana biyu.

Maigida ya kira bayan la'asar, ya tambayi yarinya, ya tambayi baranda. Na ce lafiya lau. Yana cikin magana tari ya sarƙe shi, na riƙe wayar ina jin sa har ya gama. Abin da nake gani kawai shi ne ya dawo ya tarar da katin a mace, ya ɗauki tsohon buhunsa ya koma cikin hayaƙin nan, kuma ni na mayar da shi.

Hajiyar gidanmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ita ce ta gan ni ina zuba gishiri a koko. Ta ce, "Ke, wa ya mutu?" Na gaya mata. Ta ce akwai wani dattijo mutumin Nijar a unguwar Kokomlemle, mai gyaran irin waɗannan, ta sha jin maigidana yana ambatonsa. Ta kwatanta min wurin, kusa da wani masallaci mai shuɗin fenti.

Na naɗe kwamfutar a zani uku, na sa ta a babban baho, na goya yarinya, na ɗora bahon a ka. A trotro, motar haya, a cinya na riƙe ta, ina tare ta da hannu duk ramin da muka faɗa.

Inda na sauka akwai masu sayar da kayan waya da kwamfuta a jere. Wani ya tare ni, ya ji labarina rabi, ya shiga ciki ya fito da wani kati ƙato, fanka uku, da fitilu masu canza launi. Ya ce nawa ya riga ya mutu, wannan ya ninka shi ƙarfi, maigida zai sa min albarka. Na tsaya ina kallon fitilun, hannuna ya kai kan ’yan kunnena na aure. Abin da ya hana ni, na ce ya kunna min wasa in gani, ya ce babu lokaci. Mutumin da yake da lokacin tare ni a titi. Na ɗauki bahona na wuce.

Shagon dattijon bai fi ɗakin girki ba. Yana zaune da tabarau a kan hanci, ga butar shayi a gefe. Na yi sallama, na sauke baho. Ya kalli yadda nake warware zani ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "’Yata, kwamfuta kika kawo ko amarya?"

Na yi dariya duk da hawayen da ke idona. Na ce, "Baba, an ce katin ya mutu."

"Wa ya ce? Likita ne?"

"Mai walda ne."

"To, Allah ya ba shi lada. Zauna. Gaya min abin da kika gani, ba abin da aka gaya miki ba."

Na gaya masa. Ƙugin da ta fara yi. Jan ƙafar ’yan ƙwallo. Ɗigon kore. Na ce da safe takan tashi ƙalau, sai ta yi kamar tsawon dahuwar shinkafa sannan ta mutu, in rana ta yi tsaka kuma ba ta ma kaiwa haka. Na ce in hoton tsaye yake ba ta damuwa, sai an shiga wasa.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Masu digiri suna zuwa nan, abin da suke iya ce min kawai shi ne ta lalace. Ke kin yi min rabin aikin. A ina kike ajiye ta?"

Na gaya masa da alfahari, har da igiyar da na ɗaure ƙofar kabad.

Ya yi salati ya riƙe kai. "A kabad! Da zani! ’Yata, in aka sa ki daka sakwara a cikin kabad, aka lulluɓe ki, aka ɗaure ƙofa, turmi nawa za ki yi?"

A nan na gane. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Na ce saboda yatsun yarinya ne. Ya leƙa bayana ya kalle ta tana barci, bai ƙara tsokanata ba.

Ya kwance murfin ya kira ni in matso. Ya ce katin nan in yana aiki wuta yake ci, zafi yake fitarwa, fankokin nan numfashinsa ne. In zafi ya yi masa yawa sai ya rage gudu don ya ceci kansa, shi ne jan ƙafar da muka gani. In abin ya wuce haka sai ya kashe kansa gaba ɗaya. Ya zare katin a hankali. Fanka ɗaya ta cushe da zaren ƙyallena, fari da ruwan hoda, ya haɗu da maiƙon hayaƙin kurfoti ya zama kamar auduga mai danƙo. Na gane zaren. Gwaggona ce ta saƙa.

Ya share da ɗan buroshi, ya hura, ya buɗe cikin katin ya goge wani busasshen abu mai launin toka, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Sannan ya ce, "Yanzu ba mu san komai ba tukuna. Wataƙila ya riga ya ƙone. Sai mun gwada."

Ya mayar da shi, ya kunna tseren mota, ya bar shi yana gudu. Ya nuna min wata lamba a kusurwar allo, ya ce ita ce zafin jikinsa, in sa mata ido. Ban taɓa kallon abu kamar yadda na kalli lambar nan ba. Ta hau, ta hau, sai ta tsaya. Ya zuba shayi, ya sha, ya tafi sallar azahar ya dawo, motar tana nan tana gudu, babu ɗigo ko ɗaya.

Muna jira na ba shi labarin katin mai fitilu. Ya ɗauki ma'auni ya gwada cikin kwamfutarmu, ya nuna min cewa ko shiga ba zai yi ba. Ya buga wani ƙaramin akwati a ƙasanta da yatsa, ya ce wannan ne yake raba wuta, kuma ba zai iya ciyar da ƙaton kati ba, da na sa shi da abin ya fi haka muni. Ya ce kati ana zaɓensa ne da girman gidan da zai zauna, da ƙarfin wutar da za a ba shi, da irin wasan da za a yi. Wanda mijina ya zaɓa ya ishi ƙwallo da mota. Kuma duk ranar da zan sayi na hannu, kada in yarda sai an kunna wasa a gabana ya daɗe yana gudu.

Da zan tafi na ce, "Baba, to yatsun fa?"

Ya ce, "Kina da rariya a gida? Ta waya, mai ƙananan ido. Iska ta wuce, yatsa ya tsaya. Ki ɗora ta a sama kuma, ki ba ta tazara da bango."

Ya hana ni naɗe ta a zani uku. Ɗaya ya yarda, shi ma don hanya.

A ranar na yanka rariyata sabuwa, na ɗaure a bayan kwamfutar da siririyar waya. Na sauke talabijin daga kan kabad na ɗora ta a wurinsa. Mai walda da ya ga allo ya kawo, ya ce shi dama ya san ba mutuwa ta yi ba.

Maigida ya dawo bayan kwana goma, mahaifiyarsa ta samu sauƙi. Ya shigo ya tsaya yana kallon kwamfutar a sama da rariya a bayanta. Na riga na shirya ƙarya iri biyu, amma bakina ya ƙi. Na gaya masa komai, tun daga yatsa har zuwa ’yan kunnen da na kusa cirewa. Ya matsa kusa da kwamfutar. Ya sa tafin hannu a bayanta yana jin iskar tana fita. Sannan ya ce, "Shekara guda ina cire ƙyallen nan, ban taɓa buɗe baki na gaya miki me ya sa ba."

Bai koma Old Fadama ba. Ranar Juma'a na sayi waakye mai kyau wurin Hajiya, da ƙwai da kifi, na ce ya kai wa dattijon. Ya dawo yana dariya, wai Baba ya ce a gaishe da uwar amarya.

Har yanzu in samari suna wasa, nakan bar abin da nake yi in leƙa lambar nan ta kusurwar allo. Duk Asabar kuma ni nake share fankar, da tsohon buroshin haƙori. Ƙyallen gwaggona yana kan akwatin kayan yarinya, gefe ɗaya ya ɗan warware.