Yadda Tsohuwa Mai Jita ta samo mini mata

Shekarun baya, lokacin da gashin kaina bai gudu ba, ni ne mai jita a wata ƙungiyar kiɗa a Funtua. Mu biyar ne, kiɗan rok muke yi, irin mai ƙarar nan da ke watsa kajin unguwa. Asabar muna gidan biki, Lahadi mu sassauta hannu mu yi a coci. Aji biyu na yi a firamare malam ya ce gona ta fi dacewa da ni, amma in na rungumi jita ko mai digiri shiru yake.

Abokina shugaban ƙungiyar ba ya son wasa. Duk waƙar ban dariya da na kawo sai ya ce, "Ajiye ta a aljihu, mu ba 'yan kama ba ne." Da aljihu ya cika, sai na ari rikoda na kulle ɗaki ni kaɗai, na cusa auduga a hanci, na yi muryar tsohuwa. Na sa wa kaset ɗin suna Tsohuwa Mai Jita. Kafin wata biyu ana jin sa daga kasuwar Dayi har Kafur, ba wanda ya san ni ne sai abokin nawa.

Waƙar da ta fi tashe a kan wani dattijon cocinmu ce a ƙauye wajen Malumfashi, mai gyangyaɗi lokacin wa'azi, ya farka ya ce amin ana tsakiyar cigiyar akuya. Kaset na fita, sai Allah ya haɗa ni da 'yarsa, na ji duk duniya ita nake so.

A wajenmu mai neman aure sai ya kai gayya gonar uban yarinya. Na kwashi 'yan ƙungiya muka je noman dawa. Rana tsaka aka kawo kunu, muka zauna gindin ɗorawa, kawai abokina ya zaro rediyo daga buhu ya danna. Tsohuwa ta ɗauki waƙar mai gyangyaɗin nan. Na ajiye ƙwaryar kunu.

Baban yarinya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mai jita, matso." Na matsa na durƙusa.

"Ka san tsohuwar nan?"

"Baba, ina dai jin labarinta."

"Yatsunta irin naka ne. Shekara uku ina jin su ran Lahadi, ai ba duka nake barci ba."

Na ce a raina shi ke nan, na yi noman banza. Sai ya rage murya ya ce, "Gaya mata ba ta yi adalci ba. Ta kama mai barci ta bar mai sa barcin. Fasto awa biyu yake yi a kan aya ɗaya. In tana son shiga gidana, ta yi masa tasa."

Na yi mana. Wata uku aka ba ni horo a coci, zaman bencin baya, ba taɓa jita. Baba kuwa shi ya riƙa yawo da kaset ɗin gida-gida. Bayan kaka aka ɗaura aure, kuma faston nan ne ya ɗaura, wa'azinsa a taƙaice.

Tsohuwa kaset uku ta yi ta ajiye aiki. Waƙoƙinmu na gaske da muka sha wahala a kansu ba mai tuna ko ɗaya, abin da na yi da wasa shi ya zaunar da ni. Har yau in na ɗaga wa matata murya sai ta ce, "Malam, bi a hankali. Ba kai Baba ya ba wa aurena ba, tsohuwa ya ba."