Fuskar da Ba ta Shiga Fim ba

Ni mai wankin hula ne a unguwar Bolori. Da can manomi ne a Konduga, kafin a kore mu. A hanyar gudu na rabu da ƙanena, har yau ban san ko yana da rai ba.

Maƙwabcina malamin makaranta ne, Kirista daga kudancin Borno. 'Yarsa ta yi karatun zane, tana kuma haɗa fim. Wata rana ta zo da kyamara, wai tana so ta ɗauki aikina. Nan take na yarda. Fim bai dame ni ba. Na zaci irin na Kano ne da ake kallo ko'ina, ƙanena zai ga fuskata ya neme ni.

Kwana uku tana zuwa. Na gyara gemu, na sa babbar riga, a ciki nake wanki cikin zafin nan. Da ta nuna min abin, babu fuskata. Hannuwana ne kawai cikin kumfa, sai huluna jere a rana suna bushewa, sai ƙarar buroshi. Ba waƙa, ba magana.

Na ce, "'Yata, ina kaina? Ko muninsa ya yi yawa ne?"

Ta yi dariya. "Baba, ai ba na ɗaukar fuska. Ba na so a kalle ku a ce wayyo."

Sai na faɗa mata dalilina. Dariyar ta tsaya. Ta ce fim ɗinta a bangon wani ɗaki ake haska shi a ƙasar waje, masu kallon ma ba yawa. "Ƙanenka ba zai shiga wurin ba, Baba."

Raina ya ɓaci, amma ba ta yi min ƙarya ba.

Washegari ta dawo ta karya dokarta. Ta zaunar da ni gaban kyamara, na faɗi ƙauyenmu, da sunan mahaifiyarmu, da inda nake zaune, da Barbarci da Hausa. Wannan ba ta kai shi waje ba. Da ƙafa ta zaga tashoshin mota tana tura wa direbobi a waya.

Yanzu na ji ta yi suna, ƙasashe suna gayyatarta. Ni kuwa mutum biyu ne suka zo nemana. Babu ƙanena a cikinsu. Kowanne nasa ɗan'uwan yake nema, ya ga kamar mun yi kama. Na ba su ruwa, muka zauna a inuwa.